Saƙon da Na Kai Gidan Dada

Da hantsi motarmu ta shiga Jalingo, bayan kwana guda cur a hanya. Abin da na fara gani duwatsu ne. A Zariya dutse ɗaya muke nuna wa baƙo, nan kuwa sun kewaye garin, sun yi kore shar saboda damina, gajimare ya sauko ya kwanta a kafaɗunsu. Na manna goshina a gilashin mota ina kallo, ina ce wa kaina lallai a garin nan zan yi rubutu mai yawa. Shekaruna ashirin da huɗu a lokacin. Ina da digiri a jaka, da littafin da nake tara waƙoƙina, da lambar wayar wani abokin kawuna wanda ya ce ya samo mini aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi.

Washegari na sa atamfata mafi kyau na je makarantar. Shugabar ta karanta takarduna har ƙarshe, ta yaba, sannan ta ce ai sun ɗauki wata tun makon jiya. "Ba a faɗa miki ba?" Na fito bakin ƙofa na kira abokin kawun nawa. Sau uku wayar na shiga, a na huɗu aka kashe ta. Har yau ban sake jin muryarsa ba.

Da na juya gida a ranar, da labarin ya ƙare nan. Amma Umma ta riga ta zagaya unguwa ta faɗa wa kowa Safiyarta ta zama malama, har maƙwabta sun haɗo mini sabulu da ƙuli-ƙuli. Na kasa tunanin yadda zan shiga lungunmu da akwatina bayan kwana uku. Matar da na sauka a wurinta, 'yar'uwar wata maƙwabciyarmu, ta yi mini kirki iyakar ƙarfinta, sai dai ɗakinta ɗaya ne da yara huɗu, mijinta kuma direba ne yana hanyar dawowa. Dole na nemi ɗaki.

Neman ɗakin nan ne ya haɗa ni da dillalai. Mutum ɗaya na tambaya, wani mai shayi. Ya kai ni wurin wani, shi kuma ya ce ba shi da ɗaki amma ya san wanda ya sani. Kafin azahar maza huɗu ke tafe a gabana cikin lungunan Sintali, ni a baya kamar wadda za a kai kotu. Ɗakin da suka nuna mini ƙarami ne, tagarsa na kallon bangon maƙwabta, amma ƙofarsa ta ƙarfe ce. Na ce ina so. Aka ɗunguma zuwa shagon babbansu, Alhaji Sale, don a rubuta takarda.

Takardar da aka miƙo mini cike take da kurakurai, har sunan unguwar ba daidai ba. Na ari biro na gyara, ba don komai ba sai don hannuna ba ya iya wuce kuskure. Alhaji Sale, dattijo mai farin gemu da tattausar murya, ya ɗaga tabarau ya dube ni.

"'Yan mata, daga ina?"

"Zariya, Alhaji."

"Shi ya sa. Kin iya kwamfuta?"

Na ce na iya.

"To gobe ki zo da ƙarfe takwas. Wanda ke buga mana takardu ya tafi biki Legas, wata uku ke nan ana bikin."

Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi: tebur, fanka, da kabad ɗin ƙarfe cike da takardun gidajen mutane. A waje akwai benci biyu ƙarƙashin darbejiya, inda maza ke wuni suna hira da kallon hanya. Su suka raɗa mini suna Zazzau. "Zazzau, yau ma da littafin? Rubuta, Alhaji ya hana mu kuɗin goro." In yi murmushi in wuce. Da sun juya harshe zuwa Fulatanci ko Mumuye sai su kwashe da dariya, ni kuwa ban taɓa sanin ko da ni ake ba.

A makon farko na ɗauka duk dillali dillali ne. Alhaji ne ya warware mini, wata rana ana ruwa babu mai shigowa.

"Gida ɗaya ne, amma kowa da inda yake tsayawa," ya ce. "Akwai dillalin mai gida. Shi mai sayarwa ya ba amana, aikinsa ya yabi gida ya ja kuɗi sama. Ko ɗaki na yoyo sai ya ce sanyi gare shi. Akwai dillalin mai saye, kamar Yohanna." Ya nuna wani dattijo da ke gyangyaɗi a baranda da lema a cinya. "Shi aibi yake nema, ya ja kuɗi ƙasa. Waɗancan na benci 'yan labari ne. Ba sa saye ba sa sayarwa, kunne kawai gare su. Wanda ya fara jin za a sayar da gida ya kawo mana, yana da ɗan rabonsa a la'ada. Sai kuma wanda ake ajiye takardu da kuɗi a hannunsa har a yi shaida gaban mai unguwa. A nan yankin ni ne."

"Mai gida da mai saye fa?"

"Ba sa haɗuwa sai ranar sa hannu. In suka haɗu kafin nan, ko dai su yi faɗa ciniki ya lalace, ko su shirya su manta da mu."

"To ni mece ce a ciki?"

Ya yi dariya. "Ke za ki shiga inda ba ma shiga."

Nan na gane ba don kwamfuta kaɗai ya ɗauke ni ba. Gidaje da yawa a unguwar na ba-shiga ne, namiji baƙo iyakarsa zaure. Sai aka riƙa tura ni. In ƙirga ɗakuna, in ɗauki hoto, in duba rufi da rijiya da makewayi, in dawo in ba da labari. In matar mai saye na son gani da idonta, ni zan raka ta. In akwai saƙo zuwa ga matar gida, ni zan kai.

Na shiga gidaje masu yawa a watannin nan. A yawancinsu maza ne suka yanke shawarar sayarwa, matan sai dai su ga baƙuwa da waya tana ɗaukar hoton madafinsu. Wasu ba sa amsa sallamata. Wata ta bi ni da tsintsiya tana share duk inda na taka. A wani gida na ga bango an yi ta zana tsayin yara da gawayi, layi bisa layi, na tsaya ina kallo har matar ta ce, "Shi ma saye za ki yi?" Ban ga laifinsu ba. Duk gidan da na shiga, bayan wata guda zan ga an jibga kayansa a mota.

Da yamma in koma ɗakina in dafa taliya a risho, in ci ina kallon bangon maƙwabta. Littafin waƙoƙina ya koma wurin rubuta yawan tagogi. Ranar Juma'a Umma kan kira. "Malama, ya ɗalibai?" In ce suna ƙoƙari. In ta kashe sai in daɗe riƙe da wayar, tana da ɗumi a tafin hannuna.

Mutum ɗaya ke tambayar cikina a shagon, Baba Yohanna. Bamumuye ne, tsohon soja, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. "Zazzau, ka ci abinci?" Da farko ina waiwayawa in ga da wa yake. Ba ya jiran amsa, sai ya ajiye mini gasasshiyar masara a gefen tebur ya koma barandarsa.

A wata na biyar aka tura ni wani tsohon gida can ƙarshen Sintali. Ɗaki uku ne da babban tsakar gida, da mangwaro, da rijiya daga baya. Na yi sallama na tarar da wata tsohuwar Bafulatana zaune a tabarma, siririya, ba ɗan kunne ba kwalli. Na fara bayanin daga wurin Alhaji Sale nake, ta ɗaga hannu.

"Zauna tukuna. Gidan ba ya gudu."

Ta shiga ɗaki ta fito da kunun gyaɗa mai zafi a kwano. Tun da na zo garin, ba a taɓa ce mini in zauna ba kafin a tambaye ni abin da ya kawo ni. Na sunkuyar da kai cikin kwanon don kada ta ga idona.

Kowa Dada yake kiranta. Mijinta, Malam Hammadu, ya rasu wata uku da suka wuce, tana cikin takaba, ba ta fita ba ta zama da maza. Gidan nata ne, ya mallaka mata tun yana raye, da takarda da shaidu. 'Ya ɗaya gare ta, tana aure a garin Mutum Biyu. Ba ta faɗin sunanta saboda 'yar fari ce, sai dai ta ce "waccan ta Mutum Biyu". Mijin 'yar ya gina wa Dada ɗaki a cikin gidansa, har da tayil, ya ce ta dawo da zama wurinsu.

"Mutumin kirki ne, ban ce ba," in ji Dada. Ita ma kamar Baba Yohanna take magana. "Amma ka duba, ɓingel am, yarona. In tashi da safe a gidan suruki. In yi tari, ya ji. In shiga bayi, ya gani. In miƙa hannu in karɓi tuwonsa, yau, gobe, jibi. Ni? A'a."

'Yar ta samo mata wani ɗan gida kusa da su, ɗaki biyu da ƙofarsa daban. Miliyan shida aka ce, kuma mai shi ya yarda ya jira har ta fita takaba. Abin da ya sa za ta sayar da wannan ke nan. Alhaji Sale ta naɗa dillalinta, ta ba shi takardu, don shi da marigayin kwano ɗaya suka ci tun suna samari.

Na fara zuwa gidan ko babu aike. In tsince mata shinkafa, ta tsefe mini kai tana faɗa wai na bar gashina ya zama ciyawa. Wata rana ta ga littafin, ta ce in karanta mata. Na karanta wata tsohuwar waƙata a kan ruwan sama. Ta saurara har ƙarshe, ido a rufe. "Ban gane ba," ta ce, "amma sake."

Baba Yohanna ne ya kawo mai saye, wani mai fataucin doya daga wajen Kona. Tunda ba su da ikon shiga, sai ya zagaye gidan ta waje yana ƙwanƙwasa katanga da makulli, kunnensa a manne.

"Alhaji, wannan bango yana tari."

"Kai ne ke tari, Yohanna. Ginin da ne, ko tankar yaƙinku ba ta rushe shi."

"Rufi ya yi tsatsa."

"Filin kaɗai ya isa a gina masallaci da coci, a bar muku wurin faɗa a tsakiya."

Kwana uku suna ja. Daga ƙarshe aka tsaya a miliyan takwas. Mai doya ya ba da kafin alƙalami, ni na buga takardar da hannuna, ina murna a raina kamar ni za a saya wa gida.

Bayan la'asar Alhaji ya tura ƙofar shago ta rufu rabi.

"Ki je ki gaya wa Dada an taya biyar. Ki ce na yi iya ƙoƙarina, kasuwa ce ta faɗi."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Alhaji, ai takwas na buga."

"Kin buga abin da aka ce ki buga. Yanzu ki faɗi abin da aka ce ki faɗa." Muryarsa ba ta canja ba, tana nan da taushinta. "Safiya, ke yarinya ce. Tsohuwa ita kaɗai a gida, in ta faɗi a bayi wa zai ji? Surukinta ya gina mata ɗaki. In ta samu kuɗin wancan gidan, taurin kai zai kai ta inda za ta mutu ba kowa kusa. Ko Hammadu na raye abin da zai so ke nan."

"Ranar sa hannu fa? Ai za ta ji."

"Tana takaba. Ni ne wakilinta, ni zan sa hannu."

Ina so in rubuta cewa na ƙi. Ban ƙi ba. Na tuna ɗakina mai ƙofar ƙarfe, na tuna lungunmu na Zariya da akwati a hannuna, na ɗauki mayafina na tafi. Na tsaya a tsakar gidan Dada na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni, ina kallon gindin mangwaro.

Ta san biyar ba za ta sayi gidan can ba, balle an cire la'ada.

"To," ta ce. "In Sale ya ce haka, haka ne." Ta gyara zama, ta yi ɗan murmushi. "Sai in fara koyon tari a hankali."

Sannan ta tashi ta kawo mini kunu. Na sha.

Kwana shida ban taka gidan ba. Ina zuwa shago in buga takardu, in koma ɗaki in kasa cin abinci. Masarar Baba Yohanna ta riƙa bushewa a gefen tebur. Shi bai san komai ba. Dillalin mai saye ya san abin da mutuminsa zai biya, amma bai san abin da zai isa hannun mai gida ba. A duk garin mu biyu muka san lambobin nan biyu, ni da Alhaji.

A rana ta bakwai mai doya ya ce ba zai cika kuɗi ba sai matarsa ta ga cikin gidan. Alhaji ya kira ni gefe.

"Ki zagaya da ita, minti goma, ku fito. Kada ki bari su zauna. Kin ji ni? Ko ruwa aka kawo, ki ce kuna sauri."

Maman Ladi ake kiran matar, ƙatuwa, 'yar kasuwa, mai dariya da dukan jikinta. Ta leƙa ɗakuna, ta taka dandamalin madafi da ƙarfi ta ji ko zai fashe, ta ɗaga kai ta ƙirga rassan mangwaro. Muka juyo za mu fita. Dada na zaune a ƙofar ɗakinta, ta rame a kwana shidan nan.

"Baƙuwa za ta tafi ba ta sha ruwa ba?"

Maman Ladi ta dube ni. Kalmomin suna bakina, an riga an ba ni su: muna sauri. A jikin bango akwai tabarma a naɗe. Na ɗauko ta na shimfiɗa a inuwa, na ce, "Bismillah, Mama, zauna ki huta." Sannan na ɗauki guga na zagaya baya wurin rijiya.

Na ja ruwa na cika randa. Na cika bokiti biyu da tulu. Na shayar da yakuwar da ke gefen katanga, wadda ruwan sama ya riga ya shayar. Ina jin muryoyinsu sama-sama, gaisuwa, ta'aziyya, hirar jikoki, dariyar Maman Ladi. Na san mata biyu ba za su zauna a gidan da ake ciniki su tashi ba su yi kukan tsada ko kukan arha ba. Can sai dariyar ta tsaya. Sai na ji muryar Maman Ladi ta tashi har tsuntsaye suka bar mangwaro.

"Yesu! Biyar? Wane biyar? Mu da muka sayar da doyar shekara biyu?"

Bayan ta fita fuu, Dada ta kira ni. Na zo na durƙusa, zanena jiƙe sharkaf.

"Ka sani?"

"Na sani, Dada."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Ta daɗe tana kallona. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

"Wa ya shimfiɗa tabarma?"

"Ni ce."

"To. Je ka wanke fuskarka."

Washegari da safe aka ce kowa ya hallara a zauren Dada, har da mai unguwa. Baba Yohanna ya tare ni a bakin lungu. Ban taɓa ganin fuskarsa ba dariya ba sai ranar.

"Zazzau, tsaya ka ji. Takardun gida suna kabad ɗin Alhaji. Kafin alƙalamin mutumina yana hannunsa. In aka kunyata shi yau gaban jama'a, zai ce ciniki ya lalace, kowa ya tafi kotu. Shekara biyu. Mai gidan Mutum Biyu ba zai jira shekara biyu ba. Dole a bar masa ƙofar da zai fita."

"Wace ƙofa, Baba?"

Ya tsaya yana gyara igiyar lemarsa, wadda ba abin da ya same ta.

A zaure mai unguwa na kan kujera, mai doya da Baba Yohanna a tabarma ɗaya, Alhaji Sale a ɗaya da carbinsa. Dada na bayan ƙofar ciki, ba a ganin ko ƙafarta. Ni ina tsugune daga lungu. Mai unguwa ya maimaita abin da aka kawo masa. Alhaji ya saurara, ya girgiza kai.

"Subhanallahi. Matar Hammadu? Ni takwas na ce a faɗa mata. Yarinyar nan ce, ranka ya daɗe. Tana da hankali, amma kullum tunaninta na kan waƙe-waƙe. Ka aike ta gabas ta tsaya kallon gajimare."

Duk suka juyo. Babu wanda bai san gaskiya ba a zauren nan, har mai unguwa. Na gani a yadda ya ƙi haɗa ido da ni.

"Yarinya, haka ne?"

Na ji Dada ta motsa a bayan ƙofa. Na yi tunanin ɗaki biyu da ƙofarsu daban. Na kuma tuna cewa ko ba komai, bakina ne ya kai saƙon.

"Kuskurena ne, ranka ya daɗe."

"To, a riƙa kula," in ji mai unguwa, da ajiyar zuciya. "Yaran yanzu, sai haƙuri."

Sai muryar Dada ta fito daga bayan ƙofa, siririya, a hankali.

"Sale. Tunda yarinya tana mantuwa, kada a sake ba ta wahala. Ranar biya a zo nan zauren, gaban mai unguwa, a tura kuɗin banki kowa na gani. La'adarka a ba ka cif, kamar yadda ake yi."

"Hakan ma ya fi," in ji Alhaji. Carbin bai tsaya ba a hannunsa.

Haka aka yi bayan kwana huɗu. Kowa ya samu rabonsa yadda aka saba: dillalin mai gida, dillalin mai saye, ɗan labarin da ya fara ji. Ni kuwa tun yammacin ranar zaure Alhaji ya ce in ajiye makullin tebur. Bai ɗaga murya ba. "Allah ya haɗa kowa da rabonsa," ya ce, yana duba wata takarda. Na fito, 'yan benci duk suka sami abin kallo a titi. Ba wanda ya ce Zazzau. Baba Yohanna ya raka ni har inda ake shiga keke, ya buɗe mini lema ko da yake ba ruwa ba rana. "Ni da Alhaji za mu ci gaba da aiki," ya ce. "Ka gane?" Na ce na gane.

Babu wani shagon dillalai da ya karɓe ni bayan nan. Waɗanda suka ji cewa ina mantuwa suka ƙi. Waɗanda suka san ainihin abin da ya faru suka fi ƙi.

Dada ta fita takaba ranar wata Laraba, ranar Asabar mota ta zo. Na taya ta ɗaure ƙore da tukwane, na share ɗakunan uku har muryata ta fara dawo mini daga bango. Da za ta hau mota ta kama fuskata da hannu biyu, tafinta da kaushi, ta yi ta addu'a da Fulatanci. Da Hausa abu ɗaya ta ce: "Allah ya ba ka mai tsaya maka." Motar ta tashi, ta yi kwana a bakin titi. Kafin in bar lungun, yaran Maman Ladi sun iso da bokitin fenti. A duk faɗin Jalingo gida ɗaya ne nake shiga a ce in zauna, kuma da hannuna na taimaka aka sayar da shi.

Bayan mako uku ina yawon neman aiki da takarduna a leda. Rana ta take, na zauna a barandar wani ofishi da aka ce in jira shugabansa, wanda daga baya na gane ya yi tafiya. Wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar wata mata ta ce, "Riƙe, ga Dada."

"Ɓingel am! Kana ji na?" Ihu take yi, kamar Mutum Biyu a wata duniya take. "Na shiga gidana. Rufi ba ya yoyo. Akwai lemo a tsakar gida, ƙarami, amma zai girma."

Na ce alhamdu lillahi, na tambayi lafiyarta.

"Bar lafiya, ka ji labari. Jiya surukina ya zo gaishe ni. Ya tsaya a ƙofa, a waje, cikin rana. Ya yi sallama ɗaya, na ji. Ya yi na biyu, na ji. Na uku ma na ji."

"To, Dada, me ya hana ki amsawa?"

"Ina ɗaura ɗankwali. Gidana ne, ina sauri zuwa ina? Sai da ya yi na huɗu na ce, wane ne?"

Na ji 'yarta daga nesa tana cewa, "Kai, Dada!" Na yi dariya har na riƙe ciki, har hawaye ya sauko, ban san lokacin da layin ya katse ba. Na juya in ba wani labarin. Babu kowa a barandar sai mai gadi, yana barci da rediyo a ƙirji. Na share idona da gefen mayafi, na ɗauki ledata, na nufi ofishi na gaba.